Layin da Baba Ya Ja a Ƙofar Sito

Cheticamp,
Yuli, 1997.

Zuwa ga ƙanena Leandre,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri daga gida. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Colleen da yara. Allah ya tsare ka a wajen aikin nan naku na mai, ya kiyaye ka daga sharrin inji da na gajiya, ya sa albarka a abin da kake samu. Mu nan lafiya muke, sai abin da ba a rasa ba. Ciwon bayan maigidana Placide ya yi sauƙi, har ya hau tsani ya gyara rufin ɗakin itace. Na ce masa kada ya hau, ya ce to, ya jira na tafi coci ya hau abinsa. Gwaggo Luce ta gama dardumar nan da ta daɗe tana saƙawa, wata baƙuwa daga Boston ta taya, ta ce ba ta sayarwa ba ce, wai ta 'yarka Monique ce ranar aurenta. Na ce mata yarinyar da ko sakandare ba ta gama ba, ta ce in rufe mata baki, ita ta san abin da take yi. Dankali ya yi kyau bana, kabeji ne dai tsutsa ta gama da shi.

Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon in buga waya, don ni da kai in muka hau waya kana ihu ina ihu, mu ƙare ba wanda ya ji wani. Takarda kuwa ba za ka iya katse ta ba. Maganar Baba ce da jirginsa na kamun ƙaguwa, wadda muka rabu a kanta ba daɗi ranar Kirsimeti. Ka ce min ina so in binne shi da ransa, kuma tun muna yara ba na barin kowa ya sha iska. Maganar ta yi min zafi, ba zan ɓoye maka ba, na kwana biyu ina cin abinci ba na jin ɗanɗanonsa. To amma akwai abin da ban faɗa maka ba a lokacin, don ɗana Remi ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa. A kamun ƙaguwa na bara, sau biyu Baba yana jan jirgi gaba alhali tarko na lilo a kan Remi, inji bai gama sauke shi ba. A na biyun ƙarfen ya goge shi a kafaɗa, ya yaga masa rigar ruwa har ƙasa. Kai ka yi aikin, ka san nauyin tarkon ƙaguwa, da kansa ya samu da yanzu wata takardar daban nake rubuto maka. Baba ya ce igiyar ruwa ce ta ɗaga jirgin. Remi kuwa, ka san shi da kakansa, ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai ce laifin Kaka ne ba.

Na lallaɓa Baba na kai shi wajen likita da sunan gwajin hawan jini. Likita ya tambaye shi yau wace rana ce, ya faɗa. Ya tambaye shi wa ke mulkin ƙasa, ya faɗa, har ya ƙara masa da ra'ayinsa a kan mutumin, wanda ba a tambaye shi ba. Likita ya yi dariya ya ce ga mai shekara saba'in da shida, Allah ya ba mu irin kansa. Muka fito Baba na harara ta, ya ce wannan gwajin jini ne ko jarrabawar shiga makaranta. Haka na shiga hunturu da abu biyu a wuyana. In na tsaya kai da fata aka raba shi da sitiyari, na san na kashe shi a tsaye, don tun rasuwar Mama jirgin nan ne kawai ke tashinsa da safe. In na yi shiru, kullum asuba zan tura ɗana ɗaya tilo ya tsaya ƙarƙashin hannun da ban amince da shi ba. Kuma ba ni da wata hujja sai yagaggiyar riga da tsoron uwa.

Ka tuna ƙofar siton kicin, bayanta da Mama ta hana a yi wa fenti. Har yau Baba bai fasa ba. Duk wasan karta da aka gama a gidan nan sai ya tashi da fensirinsa ya ja ɗan zane ƙarƙashin sunan wanda ya ci, kowane hunturu da layinsa, tun kafin a haife ka. Naka sunan ma yana nan a can gefe, da 'yan zanen nan naka da ba su taka kara sun karya ba. Bana ma da ƙanƙara ta rufe ruwa, haka aka ci gaba. Da rana Kawu Delphis da Kawu Cyriac su zo su zauna kusa da murhu, a fito da karta da allon katakon nan mai ramuka da tsinkayensa na ƙirga maki, su shanye min shayi su cinye min biskit. Bayan abincin yamma kuma ni da shi mu yi hannu biyu ko uku kafin in koma gidana. Dokar gidanmu tana nan yadda ka bar ta. Kowa ya ƙirga makin hannunsa da babbar murya, makin da ka manta ba ka ƙirga ba kuwa abokin wasanka ya ɗauke ya tura tsinkensa, ba roƙo ba magiya. Ka san ni a wannan, ko yaro ɗan shekara shida ba na ɗaga wa ƙafa. Joel ɗinka shaida ne, har yau bai yafe min ba.

Wata safiya a watan Fabrairu na shigo da burodi na tarar da shi tsaye gaban ƙofar nan, tabarau a kan hanci, yana bin layuka da yatsa daga sama zuwa ƙasa. Bai amsa gaisuwata ba, sai ya ce in zo in ga abin mamaki. Ya nuna min layukansa da Kawu Delphis. Shekara da shekaru kusan kai ɗaya suke tafiya, wannan ya ci bana wancan ya rama baɗi. Amma hunturun bara da na bana, Baba ne ke ta lallasa shi, shi da Kawu Cyriac duka, kamar da yara yake wasa. Sai ya gangara kan nawa layin. A da in muka yi uku sai ya ci biyu, yanzu kuwa ni ke cin biyun, wani lokaci duka ukun. Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Ke Emerise, mutum ɗaya ba ya ƙara wayo da rana ya rage da yamma. Cikin layukan nan akwai mai ƙarya, wanne ne?" Na ce masa ni dai ya san hali, ban taɓa bar wa kowa maki ba, kuma ba zan fara a kansa ba. Ya ce ai ya sani, shi ya sa ba wanda ke son wasa da ni.

Da rana tsofaffin suka zo, ina wanke kwanuka ina jin su. Baba ya raba karta, aka yi zagaye, ya baje hannunsa ya fara ƙirga katin da ke haɗa sha biyar, kowane haɗi maki biyu, sha biyar biyu, sha biyar huɗu, ya tsaya a nan. Ko ni daga wajen famfo na hango tagwaye biyu, kati bibbiyu masu lamba ɗaya, kwance a gabansa, maki huɗu ke nan a fili, da gangan ya bar su. Kawu Delphis ya juya yana kallon taga kamar an kira shi daga waje. Kawu Cyriac ya kama tarin da babu shi. Baba ya bari suka gama, sannan ya tattara kartar ya tambaye su tun yaushe suka fara yi masa sadaka. Leandre, da ka ga fuskar mutanen nan. Kawu Delphis ya fara rantse-rantse wai idonsa ne ya yi rauni. Baba ya ce masa idon da ke hango kwalba a aljihun mutum daga wancan ƙarshen tashar jiragen ruwa ba shi zai kasa ganin tagwaye a kan tebur ba. Daga nan Kawu Delphis ya fusata, ya buga tebur ya ce to me yake so ya yi, ya zauna yana yi wa amininsa fashi yana kallon kansa na zubewa? Ashe tun bara su biyun suka lura yana tsallake maki, suka haɗa baki a ƙofar coci cewa ba mai ɗauka, kada ransa ya ɓaci. Baba ya ce, "Shekara arba'in kana sace min maki ina da hankalina, ban taɓa jin haushinka ba. Yau ne ka zage ni, tsohon banza." Suka fita ko sallama babu, Kawu Cyriac har ya manta hularsa.

Kwanaki suka wuce. Sannan ya aika Remi ya kira su, ya sa ni ma na zauna. Ya ɗauki fensir ya buɗe sabon wuri a gefen ƙofar, ya auna da tafin hannunsa, ya ja layi mai kauri a ƙasa. Ya ce daga yau duk makin da ya manta, wanda ya gani ya ɗauka, a kuma zo nan a ja zane ɗaya. In zanen ya taɓa layin nan kafin Ista, ba zai riƙe sitiyari bana ba. In bai taɓa ba, kada wanda ya sake kawo masa maganar likita ko ta shekaru, ya faɗi haka yana kallona. Ya ce yanzu yake jan layin tun bai san inda abin zai tsaya ba, don ya san kansa, in ya bari sai an zo ƙarshe zai samo dalili. Kawu Cyriac ya ce ai karta daban teku daban. Baba ya ce masa a jirgi ma ƙirga ake yi, ina igiya, ina tarko, ina ƙafar yaro, kuma a can in ka manta ɗaya ba tsinke ake turawa ba. Sai na gane ya san abin da ya faru bara sarai, bai taɓa yarda da maganar igiyar ruwan da shi da kansa ya faɗa ba.

Haka muka yi azumin kafin Ista a gidan nan, kuma abin da zai ba ka mamaki, an daɗe ba a yi dariya a kicin ɗin ba kamar bana. Da aka sakar wa Kawu Delphis mara sai ya koma halinsa na da, yana ɗauke maki yana waƙa, Baba na kiransa ɓarawon tasha. Wasan ya dawo wasa. Ni kuma na ƙara wani abu nawa, duk zanen da aka ja sai in ɗan rubuta a gefensa abin da ake ciki a lokacin. Baba ya ce na mayar masa da ƙofa ofishin 'yan sanda, amma bai goge ba. Kafin a je ko'ina abin ya fito fili. In ɗaki shiru, daga shi sai kartarsa, ba ya kuskure ko kaɗan, ƙirgarsa ta fi tawa sauri. Amma a kunna rediyo, ko wani ya yi masa magana yana tsakiyar ƙirga, ko butar shayi ta yi kuka, shi ke nan zaren ya tsinke, kuma ba ya sanin ya tsinke. Shi da kansa ya karanta ya ce to ai jirgi ba ɗakin shiru ba ne, inji na ruri, rediyo na surutu, yara na ihu. Wannan shi ne abin da likita bai iya gani ba, don a ofishinsa tambaya ɗaya ake yi a jira amsa.

Ana cikin makon ƙarshe, saura zane ɗaya a taɓa layi. Tsofaffin suka fara kawo uzuri, wannan ƙafa wancan mura, ba mai son ya zama shi ne. Sai ya rage ni, mai taurin zuciyar gidan. Ranar Laraba bayan abinci muka zauna, Placide na gefe yana ba shi labarin wani da motarsa ta faɗa rami. Baba ya baje hannu ya ƙirga, ya tsallake jerin kati uku masu bin juna, maki uku. Na gan su, Leandre, suna kallona ina kallonsu. Ni da na yi wata da watanni ina addu'ar a raba shi da sitiyarin nan, ga shi an miƙo min a hannu. Na dubi hannuwansa a kan tebur, na ji ba zan iya ba. Na tattara kartata na ce shi ke da raba karta. Ya ɗauki kartar zai haɗa, sai ya tsaya, ya sake baje tasa, ya daɗe yana dubawa. Ya ɗago ya ce, "Har da ke, Emerise?" Ya miƙa hannu ya tura tsinkena gaba rami uku, ya tashi ya je ƙofar ya ja zanen da kansa. Ya dawo ya zauna ya ce a ƙarasa wasan, ba a barin wasa a tsakiya. Muka ƙarasa, shi ya ci, kuma da gaskiya ya ci.

Bai sake ta da maganar ba, ba wanda ya tuna masa kuma. Da ƙanƙara ta narke shi ya tsaya a kan gyaran jirgi kamar kullum, yana yi wa Remi faɗa a kan fenti. Ya je da kansa aka yi abin da ya kamata a ofis don Remi ya riƙe jirgin, aka ɗauki ɗan gidan Cyriac ya cike gurbin aiki. Da yamma yakan zaunar da Remi, a kashe rediyo, ya baje taswira yana nuna masa wuraren da ƙaguwa ke taruwa da inda laka ke cinye tarko, abubuwan da ko kai bai taɓa faɗa wa ba. Remi ya ce masa ya riƙa binsu mana, ko a zaune ne, ya sha shayinsa yana ba da umarni. Ya ce a'a, jirgi mai kyaftin biyu a kan dutse yake kwana, kuma ya san in yana ciki hannunsa zai kai kan sitiyari ko bai yi niyya ba. Remi ya ce to shi ke nan, tsoho ya ji tsoron a ga jikansa ya fi shi kamu. Baba ya jefe shi da takalmi.

Ranar buɗe kamu na kai shi tasha gari na wayewa. Ya sa rigar ruwansa da takalmansa na roba kamar mai tafiya, har da akwatin abincinsa a hannu, wanda ya haɗa da kansa, ina jin hannunsa ne kawai ya yi abin da ya saba. Mutane na ta gaishe shi, Kyaftin an tashi lafiya, Kyaftin ina kwana. Ya ce musu kyaftin na cikin jirgi, shi Alphee ne. Da lokaci ya yi ya sunkuya ya kwance igiya da hannunsa, ya naɗe ta, ya jefa wa Remi. Ya tsaya har suka fita bakin mashiga suka juya arewa, ya ce yaron ya yi saurin juyawa amma ba laifi. Da muka iso gida ya zauna a teburin kicin da rigar ruwan a jikinsa, ya buɗe akwatin ya cinye abincinsa tas, alhali ko ƙarfe bakwai ba ta yi ba. Ni kuwa na shiga ɗakin wanki na kunna inji don kada ya ji ni.

To ka ji yadda aka yi. Remi na fita yana dawowa lafiya, kamun ma ba laifi, ina barci yanzu, amma ba zan ce maka ina murna ba. Ban rubuto don in ce na fi ka gaskiya ba, kai ma tsoronka gaskiya ne, na gan shi da idona a teburin nan. Ba ni na raba shi da jirgi ba, ba likita ba, shi ya auna kansa ya yanke, kuma ina so ka san haka kafin ka yi masa waya. In ka kira, don Allah kada ka ce masa ai har yanzu da ƙarfinsa, ya gaji da jin wannan. Tambaye shi farashin ƙaguwa, ka bar shi ya zagi masu saye. Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka jira Kirsimeti. Ka nemi hutu ka zo cikin watan gobe, ka zo da yaran. Yanzu in ka zauna da shi a ɗaki shiru, Babanka ne sak, ba abin da ya ragu. Ban san ko zan iya rubuta maka haka baɗi ba.

Ka gaida Colleen da kyau, ka ce na gode da rigar sanyin, ta yi min daidai. Ka gaida Monique da Joel, ka shafa min kansu. Placide na gaishe ka, Gwaggo Luce ma haka, Remi ya ce a gaida Kawu. Baba ya san ina rubuto maka, na tambaye shi ko yana da saƙo, ya ce in faɗa maka yana gida kullum yanzu, duk lokacin da ka kira za ka same shi.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka,
Emerise